ZAUREN MAKANIKAI: Wace shamis za a sa wa tsohuwar tarakta?

 

Wasiƙar wannan wata ta zo mana daga wata ƙungiyar manoma ta gefen Madarunfa, cikin jihar Maradi. Suna da tsohuwar tarakta Massey Ferguson 135 da suka saya ta hannu. Da ita suke huɗar fadama, da ita suke jigilar taki da hatsi. Bana ta soma shan mai kamar raƙumin ayari ya iso bakin rijiya. Hayaƙinta ya koma shuɗi, da safe kuma ba ta tashi sai an tura.

Sun tara kuɗin gyara daga cinikin wake. Sun nemi shawarar makanikai biyu, sai magana ta rabu. Na farko ya ce a sa sababbin shamis da fistan daidai awon da injin ya fito da shi. Na biyu ya ce tunda an buɗe inji, a faɗaɗa ramukan a sa manyan fistan, tarakta ta ƙara ƙarfi. Kuɗin da ke hannunsu na gyara ɗaya ne, damina kuma tana tafe. Suna tambaya: wace magana za su bi?

Amsata gajeruwa ce. Ku bi ta farko. Ku auna, ku mayar da injin kan awonsa na asali. Amma kada ku karɓa don ni na faɗa. Ku biyo ni mu ga dalili.

MECE CE SHAMIS?

Cikin jikin inji, wanda muke kira bulok, akwai ramuka. Cikin kowane rami fistan na hawa yana sauka. A jikin fistan akwai zobba na ƙarfe, su ne sigima. Su ke toshe iska kada ta zurare ƙasa, su ke share mai kada ya hau sama ya ƙone.

Wannan hawa da sauka yana cin bangon ramin. Don kada bulok mai tsada ya lalace, sai masu ƙera inji suka sa wa ramin riga ta ƙarfe, wadda in ta tsufa a cire a sa wata. Ita ce shamis. Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta riga. To, kamar kowace riga, in ba a auna mai ita ba, ba za ta zauna ba.

Injunan da muke gani a ƙasarmu iri huɗu ne a wannan fanni:

1. Mai shamis ta ruwa. Ruwan radiyata yana taɓa bayanta kai tsaye. Tana da kauri, tana da zobban roba a ƙasa masu hana ruwa gangarawa cikin mai. Taraktocin John Deere da tsohuwar Fordson Major irin wannan gare su.

2. Mai busasshiyar shamis. Siririya ce, an danna ta cikin ramin bulok, ruwa ba ya taɓa ta. Injunan Perkins na Massey Ferguson 135 da 165 irin wannan ne.

3. Wanda ba shi da shamis. Fistan yana gudu cikin naman bulok ɗin kansa. Misali Ford 3000, 4000 da 5000.

4. Mai sanyaya da iska, kamar Deutz da ake gani a taraktoci da famfunan ban ruwa. Kowane rami tulu ne mai zaman kansa, ana kwance shi ɗungurungum a sa sabo.

Kafin a yi maganar saye, sai a san wane iri ne a gabanka.

TARAKTAR MASU WASIƘA

An fara ƙera Massey Ferguson 135 a 1964, a Coventry ta Ingila da Beauvais ta Faransa. Duk wadda kuka gani yau ta haura shekara 40. Injinta na gazuwal Perkins ne, sunansa AD3.152. Kamfanin Perkins an kafa shi a Ingila a 1932, Massey Ferguson ya saye shi a 1959, shi ya sa kuke ganin sunayen biyu tare.

Injin yana da rami 3. Faɗin kowane rami milimita 91,44. Tafiyar fistan daga sama zuwa ƙasa milimita 127. In an haɗa ramukan uku, cikinsu lita 2 da rabi ne. Ƙarfinsa wajen doki 45.

Kayansa ba su ɓace ba. An ci gaba da ƙera irin wannan inji a Indiya da Pakistan da Turkiyya, don haka ana samun shamis da fistan da sigima nasa a kasuwa. Da tsohuwar zuma ake magani.

KAFIN A BUƊE INJI

Ba kowane hayaƙi ne ke nuna shamis ta ƙare ba. Baƙin hayaƙi sau da yawa daga injektar yake, ko matatar iska ta toshe. Wuyar tashi tana iya zama daga batir ko supaf. A duba waɗannan tukuna, sun fi araha.

Alamun shamis da sigima su ne: hayaƙi shuɗi, shan mai, da iska mai ƙarfi tana fita ta tiyon numfashi na gefen inji. In mai ya koma fari kamar kindirmo, ruwa ne ya shiga. A nan sai a tuhumi juwan kulas, ko robar shamis in ta ruwa ce.

YADDA AKE AUNAWA

Bayan an cire kulas, ka sa farce a bakin ramin daga sama. In ka ji tudu kamar gaɓar rijiya, sigima ta ci bangon da ke ƙasansa. Amma farce ba ma'auni ba ne.

Turnar, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, yana da agogon awo. Zai auna rami a wuri uku: sama, tsakiya, ƙasa. A kowane wuri zai auna ta tsawon inji da ta gicciye, domin rami ba ya cinyewa daidai, yakan koma kamar ƙwai. In cin ya kai wajen milimita 0,2, shamis ta gama aikinta.

Wanda ke ƙauye, nesa da turnar, ga dabara. Ka samu sabuwar sigima guda. Ka tura ta da kan fistan har ƙasan ramin, inda bai cinye ba. Ka auna tsagar bakinta da kal, waɗannan siraran ƙarafan awo. Ka jawo ta sama, dab da ƙasan tudun nan, ka sake aunawa. Ka cire awon ƙasa daga na sama, abin da ya rage ka raba shi uku. Misali: ƙasa 0,4, sama 1,0. Saura 0,6. In an raba uku, 0,2 ke nan. Wannan ramin ya ƙare. Dabarar ba ta nuna ko rami ya koma ƙwai, amma ta isa ta hana ka sayen abin da ba ka bukata.

LISSAFIN FAƊAƊAWA

Yanzu mu zo ga maganar makanike na biyu. Mu yi lissafi a fili, kowa ya gani.

Ramukan uku na wannan inji suna ɗaukar santimita kubik 2502. In an ƙara wa kowane rami faɗin rabin milimita, za su koma 2529. Ƙarin 27 ke nan, wato kashi 1 cikin 100. In an ƙara milimita guda cur, ƙarin bai wuce kashi 2 da ɗan kaɗan ba. Kashi 1 cikin 100 na doki 45 bai kai rabin doki ba. Ko jaki ba a samu ba. Direba ba zai ji bambanci a gona ba.

To me aka bayar aka karɓi wannan rabin dokin? Busasshiyar shamis ta wannan inji kaurinta milimita 1 ne da ɗan ɗoriya. In ka ƙara faɗin rami da milimita guda, ka ɗebe rabin milimita a kowane gefe. Kusan rabin naman shamis ya tafi. Abin da ya rage ba ya jure bugun gazuwal. Sai ta tsage, ko ta karye a ƙarƙashin leɓenta, fistan ya ja ta ƙasa.

Bayan haka, famfon gazuwal da injektar da radiyata duk an daidaita su ne da awon asali. Kuma ranar da sigima ɗaya ta karye cikin damina, kayan awon asali ne za ka samu a kusa. Na baƙon awo sai ka jira mako da makonni.

Ƙarfin da taraktarku ta rasa ba ƙanƙantar rami ce ta jawo shi ba. Iska ce ke zurarewa ta gefen fistan. In rami ya koma daidai, sigima ta kama, dokinku 45 za su dawo gida.

Wannan magana ba daga littafi kaɗai na ɗauko ta ba. Ina saurayi, ban daɗe da barin hannun maigidana ba, wani mai tarakta ya matsa mini sai na ƙara mata ƙarfi. Na sami wasu manyan fistan a kasuwa, na kai bulok aka faɗaɗa shamis ɗin da ke ciki. Ranar da muka tada ta, har guɗa aka yi. Ba ta cika wata guda ba, ana tsakiyar huɗa, shamis ta tsakiya ta karye. Fistan ya farfashe, biyal ta huda bulok. Mutumin ya rasa inji, waɗanda suka biya kuɗin huɗa suka koma ga shanu bayan ruwa ya yi nisa. Shekara biyu ina sauya hanya in na hango shi a kasuwa. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

INDA FAƊAƊAWA TAKE DA HALI

Kada a ce na hana faɗaɗawa ko'ina. Tana da wuri biyu.

Na ɗaya, injin da ba shi da shamis, kamar Ford ɗin da muka ambata. Shi dole a sassaƙe ramin a sa fistan mai ƙarin faɗi. Ƙarin yana zuwa hawa-hawa: milimita 0,25, 0,50, 0,75 da 1,00. A kan fistan za ka ga an buga 010, 020, 030 ko 040, awon inci ke nan. In ka ga STD, awon asali ne. A zaɓi mafi ƙanƙantar hawan da zai share cin, a bar sauran don gyaran gaba. A sayi fistan tukuna a kai wa turnar, ya sassaƙa rami a kan awonsu. Duk ramukan kuma su zama awo ɗaya. In hawan ya ƙare, turnar yana iya dasa shamis ya mayar da ramin awon asali.

Na biyu, in ramin bulok da shamis ke zama ciki ya lalace. Akwai shamis mai ƙarin kauri ta baya. Turnar ya ɗan buɗe bulok, a danna ta. Cikinta yana nan a awon asali, fistan ma haka.

IN ZA KU KASUWA

Kada wanda za a aika ya tafi da sunan tarakta kaɗai. Cikin shekara 40 wataƙila an sauya mata inji. Ga abin da zai riƙe:

1. Lambar inji da aka buga a jikin bulok. A kankare datti a kwafe ta duka. A injunan Perkins na baya-baya, haruffa biyu na farko suna faɗin irin injin: CD da CE na masu rami uku ne, LD na 4.236, LF na 4.248.

2. Tsohon fistan guda. Injin A3.152 na Massey Ferguson 35 da AD3.152 na 135 faɗin raminsu ɗaya, amma kan fistan ya bambanta. Na 135 yana da ƙoƙo a kai, inda gazuwal ke ƙonewa. Ba a musanya su. A ƙirga gurabun sigima kuma, wasu biyar gare su, wasu huɗu. Haka 4.236 da 4.248, daga waje kamar tagwaye, amma ramin na farko milimita 98,4 ne, na biyu kusan 101.

3. Tsohuwar shamis guda, ko da ta fashe wajen cirewa. A dubi bakinta: wata tana da leɓe, wata miƙaƙƙiya ce. Masu leɓen ma ba kauri ɗaya gare su ba. A sayi irin wadda gurbin bulok zai karɓa.

4. A tambayi mai kaya: gamammiya ce ko wadda ba a gama ba? Gamammiya ana sa ta, a sa fistan. Wadda ba a gama ba an bar mata nama a ciki. Sai an danna ta a bulok, sannan turnar ya sassaƙe ya goge ta zuwa awo. In fistan ya ƙi shiga irin wannan, ba cuta aka yi muku ba, kada kuma a kankare fistan. In garinku babu turnar da kuka amince da shi, ku nemi gamammiya.

5. Wasu tsofaffin Perkins sun fito da shamis mai shafen kurom a ciki, mai ƙyalli. Ba a sa mata sigima mai kurom. Masu tauri biyu ba sa bin juna, sigima ba za ta zauna ba, inji ya yi ta shan mai. Sigima mai kurom ta shamis ɗin fonti ce, wato baƙin ƙarfen zubi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi shamis da fistan da sigima a kwali ɗaya, na kamfani ɗaya. Kada a tsinto wannan nan, wancan can, don ragin ƴan daloli. Araha ba ta ado.

Wanda zai tsallaka Katsina ko Kano sayayya, ya san sunayen can. Shamis ita ce silif. Sigima ringi. Kulas tof silinda. Juwan kulas gasket. Kusine metal. Bilbarkan karanshaf.

RANAR SAKAWA

A yi aikin cikin ɗaki ko rumfa mai kariya, ranar da babu iska. Ƙwayar rairayi ɗaya a bayan busasshiyar shamis ta isa ta tura bangon ciki, fistan ya riƙa gurzar wurin.

A wanke ramin bulok da gurbin leɓe har su yi tas. In akwai firigo, a sa shamis ta kwana ciki, sanyi zai ɗan tsuke ta ta shiga da sauƙi. A danna ta da injin matsawa, ko da dogon bulo da faranti biyu na ƙarfe, a hankali, a miƙe. Guduma ba ta da aiki a nan.

In ta ruwa ce, a sa sababbin roba, a shafa musu sabulu, a lura kada su murɗe. A auna yadda bakinta ya ɗara fuskar bulok. Ɗarawar kaɗan ce ƙwarai, kamar kaurin takarda, kuma dole ta zama ɗaya a duk ramukan. In wata ta nutse, juwan kulas zai ƙone.

In turnar ya goge rami, a wanke shi da ruwan zafi da sabulu har farin ƙyalle ya fito fari, a shanya, a shafa mai nan take. Gazuwal kaɗai ba ya fitar da garin dutsen guga.

A gwada kowace sigima cikin raminta kafin a ɗora ta kan fistan. Ga rami irin wannan, tsagar sabuwa takan kama daga 0,3 zuwa 0,5, amma takardar da ta zo cikin kwali ita ce alƙali. In babu tsaga, in ta yi zafi za ta kumbura ta kame. A rarraba tsagogin kewaye da fistan, kada su yi layi ɗaya. A juya inji da hannu, a duba tsayin kowane fistan da fuskar bulok. A ɗaure kulas da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe.

Bayan an tada ta, kada a bar ta tana ta gunaguni a tsaye wuni guda. Hakan yana sa bango ya yi santsi, sigima ta ƙi zama. Kada kuma a kai ta busasshiyar laka ranar farko. A ba ta aiki matsakaici, kamar jan tirela. In ta yi awa 50 ko ƙasa da haka, a juye mai, a sauya matatar mai, a sake duba ɗaurin kulas da supaf.

ABIN DA YA CI TA FARKO

Tambaya ɗaya ta rage wadda masu wasiƙa ba su yi ba: me ya cinye tsofaffin shamis? A ƙasarmu, galibi ƙura ce. Wannan inji yana shaƙar iska fiye da lita 2000 a minti guda in yana aiki sosai. In ƙura ta bi iskar ta haɗu da mai, ta zama dutsen wasa.

Matatar iska mai kwanon mai a ƙasa, a duba ta kowace safiya lokacin huɗa da hunturu. In laka ta taru, a wanke kwanon a zuba sabon mai daidai layi. A bi tiyon da ya tashi daga matata zuwa inji da hannu. Tsaga ɗaya a jikinsa ta isa ta kashe sababbin shamis cikin shekara guda. Radiyata kuma a zuba mata ruwa mai tsabta. Ruwan rijiya mai kanwa yana barin ɓawo a cikin bulok, inji ya riƙa zafi. Rigakafi ya fi magani.

Ga masu wasiƙar Madarunfa: ku kira makanikan nan biyu ku zauna tare. Kada ku kunyata na biyu, alheri yake nufi. Ku nuna masa lissafin, a auna ramukan a gaban kwamitin ƙungiya, magatakarda ya rubuta awon a littafi. Kuɗin da za a kashe wajen faɗaɗawa, a kai injektar gyara da su, a sayi sabon tiyon iska. Ku fara aikin yanzu, kada ku bari sai hadari ya haɗu a gabas.

A wata mai zuwa za mu yi magana kan bilbarkan da kusine, da yadda ake gane wanda aka taɓa sassaƙawa. Mai tambaya ya ba malamin gona na gundumarsa wasiƙa, za ta iso mu. Allah ya ba mu damina mai albarka.